Wane horo ne ya wajaba kafin a shiga aikin agaji a wuraren rikici?

Wata matashiya da ta kammala karatun aikin jinya ta aiko da tambaya. Burinta ta shiga aikin agajin jinƙai a wuraren da yaƙi ko annoba ko ambaliya suka ɗaiɗaita jama'a. Wasu sun ce mata karatunta da kyakkyawar niyya sun wadatar, sauran a bakin aiki ake koya. Wasu kuma sun ce babu ƙungiyar da za ta kalle ta sai ta biya maƙudan kuɗi ta yi kwas ta riƙe satifiket. Tana so ta san wane horo ne na dole, ina ake samunsa, kuma ta yaya ake gane na gaske.

Ƙanwata, sannu da wannan niyya, Allah ya cika miki buri. Duka waɗanda suka ba ki shawara, kowanne ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Horo dole ne, babu tantama. Sai dai tsadar satifiket ba ta nuna ingancin horo, kuma mafi yawan abin da kike bukata a matakin farko kyauta ake samunsa. Abin da nake so ki fara fahimta shi ne dalilin da ya sa horon ya zama wajibi: haƙƙi ne na mutanen da za ki je wurinsu. Mara lafiya a garin da ake zaman lafiya, in bai gamsu da ke ba, yana iya komawa wani asibitin ko ya kai ƙara. Matar da ta yi kwanaki tana tafiya a ƙasa da goyo a baya ba ta da wannan zaɓi. Ruwan da aka miƙa mata shi za ta sha, inda aka nuna mata nan za ta kafa tanti. In wanda ya yanke waɗannan shawarwari bai san aikinsa ba, ita da 'ya'yanta ne za su ɗanɗana kuɗarsa, shi kuwa galibi ba zai ma san ya yi ɓarna ba.

Da rayukan mutane aka koyi wannan darasi. A tsakiyar watan Yulin 1994, bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda, mutane tsakanin 500,000 zuwa 800,000 suka tsallaka iyaka cikin 'yan kwanaki, suka sauka a yankin Goma da ke gabashin ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Kwango. Ƙasar wurin aman dutse ne da ya daskare, ba ta haƙuwa, saboda haka masai ya gagara. Ruwan sha kuwa daga tafkin Kivu ake ɗiba ba tare da an sa masa magani ba. Kwalara ta ɓarke, atuni ya biyo bayanta, cikin wata guda kusan mutum 50,000 suka rasu. Masu tausayi ba su yi ƙaranci ba, ƙungiyoyi sun yi tururuwa zuwa wurin. Amma ƙwararrun likitocin cututtukan gudawa da suka zo daga Bangaladash suka duba yadda ake jinya sun tarar da abin takaici. Ana jinkiri wajen mayar wa marasa lafiya ruwan jikinsu, ba a amfani da ruwan gishiri da sukari yadda ya kamata, ana ɗaura ƙarin ruwan da bai dace ba, kuma da yawa daga cikin masu jinyar ba su taɓa kula da mai kwalara ba a rayuwarsu. Ki tuna fa, kwalara cuta ce da in an iya jinyarta ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari. Babban binciken haɗin gwiwa da aka fitar a 1996 kan agajin Ruwanda ya fito da irin waɗannan gazawa fili, kuma daga nan ne a 1997 ƙungiyoyin agaji tare da Red Cross suka kafa shirin Sphere, wanda ya tattara mafi ƙarancin ma'aunin da bai kamata agaji ya gaza shi ba. Bugu na huɗu na kundin ya fito a 2018, ana sauke shi kyauta a intanet. In za ki karanta abu ɗaya tak kafin ki motsa, to shi ne.

Bari in nuna miki yadda ake aiki da shi. A ce an wayi gari mutum 10,000 sun sauka a wani fili. Ma'aunin ruwa lita 15 ne ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Ke nan lita 150,000 kullum. In tankarki mai cin lita 10,000 ce, sawu 15 ke nan kowace rana, sai ki tambayi kanki ko hanya da mai da direbobi za su ɗauki wannan, kuma har tsawon wane lokaci. Kan famfo ɗaya mutum 250 ne, saboda haka kina bukatar 40. Nisa daga tanti zuwa wurin ɗibar ruwa kada ya wuce mita 500, tsayuwa a layi kada ta wuce minti 30. Masai ɗaya mutum 20, wato 500, ko da yake a kwanakin farko ana farawa da ɗaya ga mutum 50 sannan a yi ta ƙarawa. Ramin masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Abinci kalori 2,100 ga mutum a rana. Wurin kwana mai rufi murabba'in mita 3.5 ga kowa. Sinadarin kulorin da zai saura a ruwa a bakin famfo miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, kuma aunawa ake yi kullum, ba a kintata.

Haddace waɗannan lambobi aikin mako guda ne. Abin da yake ɗaukar lokaci shi ne sanin inda lamba take yaudara. Na sha ganin sansanin da a takarda ya cika ma'aunin masai cif, amma in ka zagaya bayan tantuna da sassafe sai ka ga inda mutane suke biyan bukatarsu. Ka tambayi matan, su ce maka ƙofar ba ta da sakata, ko babu fitila a hanya da dare, ko an jera nasu daf da na maza. An kashe kuɗi, an rubuta rahoto, kwalara kuma tana nan tana jira. Horo mai kyau yana koya wa mutum ya tambaya kafin ya haƙa rami, ya zauna da mata daban, da tsofaffi, da masu naƙasa, sannan ya koma bayan mako ya ga ko ana amfani da abin da ya gina.

Ke kuma da kike ma'aikaciyar jinya, akwai wani sauyin tunani da zai fi ba ki wahala. An horar da ke ki kula da wanda ke kwance a gabanki. A sansani, mafi yawan waɗanda za su mutu ba za su taɓa zuwa gabanki ba. Shi ya sa ake ƙidayar mace-mace kullum. In ana rasa sama da mutum ɗaya cikin kowane 10,000 a rana, ko sama da yara biyu cikin 10,000 na 'yan ƙasa da shekara biyar, an shiga halin gaggawa, ko da ɗakin jinyarki ba kowa. Samun wannan lissafi ma fasaha ce: masu zagaya tanti-tanti, masu lura da maƙabarta, wani lokaci har da ƙidayar likkafanin da aka bayar, domin iyalai sukan ɓoye mutuwa kada a rage musu kason abinci. Da wannan tunani ne za ki gane dalilin da ya sa rigakafin ƙyanda ga yara daga wata 6 zuwa shekara 15 yake gaba da kusan komai a sansani mai cunkoso, gaba da kawo likitan tiyata nesa ba kusa ba.

Ɗauki awon tamowa. Wani ɗan siririn tef ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Sannan a danna saman ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in gurbin yatsa ya zauna a duka biyun to akwai kumburi, shi ma mai tsanani ne ko da tef ya nuna kore. Kamar wasa. Amma ki ja tef ɗin ya ɗan matse, ko ki bar shi ya ɗan saki, milimita biyu ko uku sun shiga tsakani, kuma da su ake yanke ko yaro zai shiga shirin jinya ko a sallame shi. Shi ya sa a horon gaske ake sa mutane da yawa su auna yara guda, kowa sau biyu, a gwada sakamakonsu da na gwani har sai hannu ya daidaita. Haka kuma abin da kika saba yi wa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, wato ɗaura masa ƙarin ruwa da sauri, yana iya kashe yaro mai tamowa mai tsanani domin zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da madara ta musamman mai sauƙi ake fara masa, kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga abinci mai ƙarfi. Wannan ba ya cikin abin da yawancin makarantun jinya suke zurfafawa a kai.

Akwai alheran da suke cutarwa, kuma wanda bai samu horo ba da zuciya ɗaya yake yinsu. Raba madarar gwangwani ta jarirai ga kowa da kowa a inda babu ruwa mai tsafta yana sa uwa ta rage shayarwa, nononta ya ja baya, jariri ya kamu da gudawa. Gaggawar binne waɗanda girgizar ƙasa ko ambaliya ta kashe a rami ɗaya saboda tsoron annoba kuskure ne, domin irin waɗannan gawarwaki ba sa haddasa annoba, kuma an hana iyalai sanin makomar nasu har abada. Gawar mai Ebola ko mai kwalara kuwa hukuncinta daban, tana yaɗa cuta. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo an rasa sama da mutum 11,000, cikinsu har da ma'aikatan lafiya fiye da 500. Lokacin cire kayan kariya yana daga cikin mafi haɗari, mutum ya gaji, gumi ya jiƙe shi, yana so ya fita. Shi ya sa ake maimaita sawa da cirewa sau ba adadi, wani yana tsaye yana faɗa maka mataki bayan mataki. Kuma a watan Satumbar 2014, a ƙauyen Womey na ƙasar Gini, an kashe mutum takwas daga tawagar da ta je wayar da kai kan cutar. Jama'a ba su yarda da masu zuwa ba. Sai da aka koyi zama da shugabannin addini da iyalai, aka tsara jana'izar da ta haɗa kariya da mutunta mamaci, sannan aka fara cin ƙarfin annobar.

Wannan ya kawo mu ga ƙa'idoji huɗu na aikin: jinƙan ɗan Adam, rashin nuna bambanci, rashin ɗaukar ɓangare, da cin gashin kai. Ukun farko suna cikin ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 46/182 na 1991, na huɗun daga baya aka ƙara shi. Red Cross tana da nata bakwai tun 1965. Ga kuma dokokin yaƙi, wato Yarjejeniyoyin Janiba huɗu na 1949 da ƙarinsu na 1977, waɗanda suka ba asibiti da ma'aikacin lafiya da wanda ya ji rauni kariya, ko daga wane ɓangare yake. Kowa yana iya karanto waɗannan a zauren taro. Wurin gwaji shi ne ranar da wani mai bindiga ya tare motarku ya ce sai an sauke masa buhu goma kafin ku wuce, ko wani jami'i ya shigo ɗakin jinya ya ce ki ba shi sunayen duk waɗanda suka zo da raunin harsashi. In kin ba da buhunan, gobe ashirin za a nema, kuma ɗaya ɓangaren zai ji labari ya ce kuna ciyar da abokan gabarsa. In kin ba da sunayen, babu mai rauni da zai sake zuwa. In kuma kin yi gardama da zafin kai, kin jefa direba da sauran abokan tafiya cikin haɗari. Ana koyon wannan ne ta wasan kwaikwayo a filin horo: wa ke magana a madadin tawaga, mene ne iyakar da ƙungiya ta ce ba a tsallakewa, me za ki iya bayarwa wanda bai taɓa ƙa'ida ba, yaushe za ki ce wannan ya fi ƙarfina sai na tuntuɓi na gaba da ni. Har cibiya ta musamman aka kafa a Janiba a 2016 domin koyar da wannan tattaunawa ta bakin daga. A ganina, kwas ɗin da ya koyar da ƙa'idojin nan a allo kawai, bai sa ɗalibi ya tsaya gaban wani yana masa tsawa ba, bai koyar da su ba.

Akwai wani ɓangare da ba na sassauta murya a kansa. A 2002 wani rahoto ya bankaɗo yadda wasu ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo suke lalata da 'yan mata a musayar abinci da tamfol da sauran kayan da haƙƙinsu ne tun asali. A 2003 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da doka: haramun ne mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba, ko me dokar ƙasar ta ce, haramun ne musayar kuɗi ko aiki ko kaya da jima'i, kuma wajibi ne wanda ya ga alama ya kai rahoto, ko da mai laifin na wata ƙungiya ce. Duk da haka abin bai ƙare ba, an sake jin irinsa a Haiti da Kwango. Mutumin da yake riƙe da rajistar masu karɓar abinci yana riƙe da iko mai girma a kan mutanen da ba su da komai, ko da shi a ganinsa ƙaramin ma'aikaci ne. Horo a nan ya wuce sa hannu a takardar alkawari. Ki san hanyar kai ƙorafi, ki san yadda ake sauraren wadda aka ci zarafinta ba tare da an titsiye ta ko an tona asirinta ba, ki san cewa ba aikinki ba ne yin bincike da kanki, ki kuma san inda za a tura ta ta samu magani cikin awa 72, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki a cikin wannan wa'adi yake aiki.

Sai tsaron ranki. Ranar 19 ga Agustan 2003 aka tayar da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Bagadaza, mutum 22 suka mutu, har da wakilin Majalisar, Sergio Vieira de Mello. Shi ya sa ake tunawa da ma'aikatan jinƙai a wannan rana kowace shekara. Lamarin kuwa sai ƙara muni yake yi: an kashe ma'aikatan agaji 280 a 2023, aka kashe 383 a 2024, kaso mafi girma a Gaza, sai Sudan. Horon da ake yi domin wannan, wanda a fagen aiki ake kira HEAT, yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar, kuma yawancinsa a fili ake yi. Ana koyon yadda ake tunkarar shingen bincike: a rage gudu, a kashe kiɗa, a cire baƙin gilashi, da dare a kunna fitilar cikin mota, hannuwa a inda ake ganinsu, mutum ɗaya ne ke magana, kada a kai hannu aljihu ko jaka sai an faɗa. Ana koyon abin yi in harbi ya tashi, da alamomin wurin da aka binne nakiya, da yadda ake magana a rediyo, da yadda mutum zai riƙe kansa a sa'o'in farko in an yi garkuwa da shi. Ana koyon tsayar da jini, domin babbar jijiya in ta tsinke mutum yana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna: in a hannu ko ƙafa ne, a ɗaure da maɗauri sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jini ya tsaya ko da mai raunin yana ihu, a rubuta lokacin. Ana sa mutum ya yi ta yi, a cikin duhu, da hannu ɗaya, har sai hannun ya iya ba tare da jiran kai ba, domin tsoro in ya zo tunani ne yake fara tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma ki raina abin da ba shi da armashi: bel na mota, hana direba gudu, da dokar kada a yi tafiyar dare. Haɗarin mota ya ci ma'aikatan agaji da yawa.

Amma katanga da mota mai sulke ba su ne babban tsaro ba. Babban tsaro shi ne jama'ar wurin su san ku, su san abin da kuke yi, su yarda da ku, har su zama su ne masu ce muku yau kada ku bi hanya kaza. Ana gina wannan ne da halin kowane ma'aikaci, tun daga mai gadi har shugaba, kuma mutum ɗaya mai girman kai yana iya rushe shi a yini guda.

A nan akwai rashin adalcin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa 'yan ƙasar da ake rikicin ne: direbobi, masu jinya, masu rabon kaya, 'yan sa-kai. Amma horon tsaro mai tsada galibi baƙin da aka turo daga waje ake fara yi wa, waɗanda in abu ya ɓaci jirgi zai kwashe su. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul a 2016 an yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida, har yau ba a cika ba. Saboda haka ki sani horon tsaro nauyi ne a wuyan wanda ya ɗauke ki aiki. A 2015 wata kotu a Oslo ta samu ƙungiyar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasar Norwe da laifin babban sakaci, bayan an harbi wani ma'aikacinta an kuma sace shi a sansanin Dadaab na Kenya a 2012, ta sa a biya shi diyya. Tun daga wannan hukunci ƙungiyoyi da yawa suka shiga taitayinsu.

Lafiyar tunani ma tana cikin horo, taki da ta waɗanda kike taimako. Akwai taimakon farko na kwantar da hankali wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagoransa a 2011, matakai uku ne: duba, saurara, sannan ka haɗa mutum da abin da yake bukata. Ba a tilasta wa wanda ya ga tashin hankali ya ba da labari. Ke ma ki koyi alamomin gajiyar da ta wuce kima: barci ya ƙi, ƙaramin abu ya sa ki fushi, ki fara jin haushin mutanen da kika zo dominsu. Wanda ya kai wannan matsayi ya ƙi hutawa, kurakuransa a kan wasu suke sauka.

Sauran abubuwan ba zan daɗe a kansu ba, amma su ne aikin yau da kullum: rubuta rahoto gajere mai ma'ana, lissafi a kwamfuta, tattara bayanai da waya ta manhaja irin KoboToolbox tare da kare sirrin masu bayanin, lissafin magani a sito da kiyaye sanyin alluran rigakafi. Ki san tsarin haɗin kai da aka kafa a 2005, inda kowane fanni yake da jagora: lafiya a hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ruwa da tsafta da abinci mai gina jiki a hannun UNICEF, sufurin kaya a hannun Hukumar Abinci ta Duniya. Harshe kuma jari ne babba. Bayan Ingilishi, Faransanci da Larabci suna buɗe ƙofofi da yawa, harshen mutanen da kike yi wa aiki kuwa ya fi su duka amfani a bakin tanti.

To ina ake samu? Ki fara da na kyauta a intanet: dandalin Kaya, da DisasterReady, da Agora na UNICEF, da darussan Hukumar Lafiya ta Duniya, da dandalin koyo na Red Cross, da kwas ɗin tsaro na BSAFE na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ki karanta Sphere da ma'aunin CHS na ingancin aikin agaji mai alkawura tara. Waɗannan za su ba ki harshen aikin da taswirarsa, ba za su ba ki hannu ba. Hannu yana zuwa ne daga aiki a ƙarƙashin wanda ya iya. Ki yi aƙalla shekara biyu kina jinya sosai, musamman a ɗakin yara ko na haihuwa ko na gaggawa, domin manyan ƙungiyoyin lafiya irin MSF, wato ƙungiyar likitoci marasa iyaka, sukan nemi hakan. Ki shiga aikin sa-kai a reshen Red Cross ko Red Crescent ko wata ƙungiya mai rajista da ke kusa da ke. Daga nan ne kwasa-kwasan fuska da fuska suke da amfani, saboda kin riga kin tara tambayoyi: na ƙungiyar horar da masu aikin agaji ta RedR da aka kafa a Birtaniya a 1980, na takwararta Bioforce da aka kafa a Faransa a 1983 wadda take da cibiya a Dakar, ko kwas ɗin HELP na mako biyu kan lafiyar jama'a a lokacin bala'i wanda Red Cross ta Duniya ta fara a 1986. Digiri na biyu, irin na haɗakar jami'o'in NOHA a Turai ko na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, shawarata ki bar shi sai kin yi 'yan shekaru a fage. Wanda ya yi shi kafin ya taɓa ganin layin rabon abinci yakan fito da kalmomi masu yawa da ƙarancin sanin inda za a sa su.

Wajen tantance kwas, ki tambayi su wane ne masu koyarwa da inda suka yi aiki, kashi nawa na lokacin atisaye ne, ko ana jarraba ɗalibi har ya iya faɗuwa, da ko ƙungiyoyin da kike son yi wa aiki sun san da shi. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin kwas zai sama miki aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan damfara ne, Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata. Guraben aiki da na horo na gaskiya ana wallafa su a shafin intanet na ReliefWeb da shafukan ƙungiyoyin kansu. Ki kuma shiga da idonki a buɗe: tun da Amurka ta zaftare kuɗin agaji a 2025 ta rushe hukumar USAID, ƙungiyoyi da yawa sun sallami ma'aikata, gasa ta yi zafi. Wannan ƙarin dalili ne na riƙe sana'arki ta jinya da kyau, domin mai sana'a a hannu ake nema kafin mai tarin satifiket.

Ranar da aka kira ki aiki, kafin ki sa hannu, ke ma ki yi musu tambayoyi. Wane horon tsaro za a ba ni kafin in tafi, ba bayan na isa ba? Wa zai duba aikina a watannin farko? In na ji rauni ko na kamu da cuta, wane asibiti za a kai ni, da wace mota, wa zai biya? Akwai inshora, kuma ta haɗa da rikici? In na ga hanya ba ta yi mini ba na ce ba zan bi ba, zan rasa aikina? In wanda zan kai ƙara shi ne shugabana, wa zan gaya wa? Ƙungiyar kirki tana da amsar waɗannan a rubuce, kuma za ta ji daɗin kin tambaya. Wadda ta fara kame-kame ko ta nuna miki kin cika tsoro, ki gode musu ki jira wata.